Lasisin Mujallun Bincike a Intanet: Kariya ga Mawallafi, ko Takunkumi ga Ɗakin Karatu?

Duk shekara jami'o'in duniya na sa hannu a kan wasu takardu da ɗalibai ba sa gani, malamai ma ƙalilan ne suka san da zamansu, alhali su ne ke yanke wa zai karanta wane bincike, a ina zai karanta shi, kuma har zuwa yaushe. Takardun nan su ne yarjejeniyoyin lasisi da ɗakunan karatu ke ƙullawa da kamfanonin da ke buga mujallun bincike, irin su Elsevier da Springer Nature da Wiley da Taylor & Francis, domin a buɗe musu rumbunan mujallu ta intanet.

A zamanin takarda lamarin ba shi da sarƙaƙiya. Laburare zai biya kuɗin shekara, mujalla ta iso ta gidan waya, a tattara fitowar shekara guda a ɗinke, a jera a kanta. Daga nan ta zama tasa. Wanda ya shiga sashen mujallu na tsofaffin jami'o'inmu, kamar Ibadan da Zariya, zai tarar da ɗaurarrun mujallu na shekarun 1960 da 1970 suna nan, ko da an daɗe da daina biyan kuɗinsu. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Elsevier ya buɗe rumbunsa na ScienceDirect a 1997 sauran kamfanoni suka bi sahu, abin da laburare ke saye ya canja. Yanzu izinin leƙawa yake saye. Mai gida ya koma ɗan haya, kuma sharuɗɗan hayar su ne tushen wannan muhawara.

Abin da ke cikin takardar

Kafin a saurari hujjar kowane ɓangare, ya kamata mai karatu ya san abin da ake jayayya a kansa. Kusan kowace yarjejeniya tana fayyace waɗanda aka yarda su karanta, wato ɗalibai da malamai da ma'aikatan jami'ar da ta biya. Baƙon da ya shigo laburare da ƙafarsa wani lokaci a yarda masa, wani lokaci a hana. Tsohon ɗalibi kuwa, da zarar ya karɓi takardar kammalawa, galibi ƙofa ta rufe. Takardar tana faɗin yadda za a gane mai izini, ko ta lambar intanet ta jami'a ko ta kalmar sirri. Tana haramta sauke maƙalu da yawa a jere, tana kuma bai wa kamfani damar yanke hanya idan ya ga alamar hakan. Tana iyakance yadda laburare zai aika wa wani laburare kwafin maƙala. Tana faɗin abin da zai rage a hannun jami'a ranar da ta daina biya. Sau da yawa akwai sharaɗin ɓoye farashi, da ƙarin kuɗi na kowace shekara, da sunan kotun da za a je idan rigima ta taso, wadda galibi tana ƙasar kamfanin ne.

Hujjar mawallafa

Masu kare waɗannan sharuɗɗa suna farawa ne da yanayin kayan da suke sayarwa. Mujallar takarda mutum ɗaya ke riƙe ta a lokaci guda. Maƙalar da ke cikin kwamfuta kuwa ana iya kwafarta sau miliyan ba ta ragu da komai ba. Idan ba a fayyace wanda ke da izini ba, jami'a ɗaya za ta biya duniya ta karanta, daga nan babu kuɗin da za a ci gaba da aikin. Suna da abin nuni. Tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, Aaron Swartz ya sauke maƙalu kimanin miliyan 4.8 daga rumbun mujallu na JSTOR ta layin intanet na jami'ar MIT. A 2011 kuma Alexandra Elbakyan, 'yar ƙasar Kazakistan, ta kafa Sci-Hub, wanda ya tara maƙalu miliyoyi ya buɗe wa kowa kyauta, ana kuma zarginsa da shiga rumbuna da kalmomin sirrin jami'o'i. Wata kotu a New York ta yanke wa Elsevier diyyar dala miliyan 15 a kan Sci-Hub a 2017. A ganin kamfanoni, wanda ya sha irin wannan ba za a zarge shi ba don ya ƙara wa ƙofarsa sakata.

Hujja ta biyu ita ce aikin yana cin kuɗi. Akwai editoci da ake biya, da na'urorin da dole su yi aiki dare da rana, da tsara maƙala ta yadda za a same ta cikin daƙiƙa, da adana ta shekaru masu yawa. Akwai kuma yaƙi da maƙalun bogi, wanda ya zama babban nauyi a 'yan shekarun nan. A 2023 kaɗai, mujallun Hindawi da ke ƙarƙashin Wiley sun janye maƙalu fiye da 8,000 bayan an gano maguɗi a cikinsu. Tace gaskiya daga ƙarya aiki ne na mutane, kuma mutane albashi suke ci.

Na uku, suna cewa cinikin dunƙule, inda ake haɗa dubban mujallu a sayar a kuɗi ɗaya, ya amfani ƙananan jami'o'i fiye da kowa. Jami'ar da a da ƙarfinta bai wuce mujalla ɗari biyu ba ta wayi gari da dubu biyu a gabanta, kuma idan aka raba kuɗin da yawan maƙalun da aka karanta, kowace maƙala ta yi araha. Ko sharaɗin ɓoye farashi ma suna da amsarsa. Suna cewa shi ke ba su damar yi wa marar ƙarfi rangwame ba tare da mai ƙarfi ya ce shi ma sai an rage masa ba. Suna tunatar da cewa da haɗin kansu aka kafa Hinari a 2002 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, da AGORA a 2003 don aikin gona, da sauran shirye-shiryen da suka haɗu suka zama Research4Life, inda cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ke karatu kyauta ko da dala 1,500 a shekara. JSTOR ma tun 2006 ya buɗe taskarsa ta tsofaffin mujallu kyauta ga cibiyoyin ilimi na Afirka. Duk malamin da ya yi digirin digirgir a nan gida cikin shekaru ashirin da suka wuce ya san amfanin waɗannan ƙofofi.

Hujjar ɗakunan karatu

Ɗaya ɓangaren yana farawa ne da tambaya: wa ya samar da kayan? Malamin jami'a ne ya yi binciken, galibi da kuɗin gwamnati. Shi ya rubuta maƙalar ya miƙa ba a biya shi ko sisi ba. Wasu malaman ne suka tantance ta, su ma kyauta. Sannan jami'ar da ke biyansu albashi ta dawo ta sayi izinin karanta abin da 'ya'yanta suka rubuta. Ribar da sashen da Elsevier ke ciki na kamfanin RELX ke bayyanawa ta daɗe tana sama da kashi 30 cikin ɗari, abin da ba kasafai ake samu a wata sana'a ba. Masu laburare na cewa ba su musa aikin na cin kuɗi ba, amma riba irin wannan ta nuna abin da ake karɓa ya zarce abin da ake kashewa nesa ba kusa ba.

Suna ƙara da cewa wannan kasuwa babu gasa a cikinta. Wani nazari da Vincent Larivière da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna kamfanoni biyar ne suka buga fiye da rabin maƙalun da aka lissafa na 2013. Ita kuma maƙala ba ta da madadi. Likitan da ke neman sakamakon wani gwaji na musamman ba zai ce bari in karanta wata mai araha a madadinta ba. Shi ya sa kamfani ke iya rubuta ƙarin kuɗi na kowace shekara a takarda, jami'a ta sa hannu tana ji tana gani. A Afrilun 2012 kwamitin malamai mai bai wa laburaren Harvard shawara ya bayyana cewa kuɗin mujallun wasu manyan kamfanoni ya doshi dala miliyan 3.75 a shekara, kuma ba za a iya ɗorewa a haka ba. Idan Harvard ta koka, ina ga jami'ar jiha da ke jiran kason wata?

Batun ɓoye farashi ma an gwada shi a aikace. Masanin tattalin arziki Ted Bergstrom da abokansa sun yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai suka nemi kwafin yarjejeniyoyi daga jami'o'in gwamnati a Amurka. Elsevier ya je kotu a 2009 don hana Jami'ar Jihar Washington sakin tata, bai yi nasara ba. Da suka wallafa sakamakon a 2014, sai aka ga jami'o'i masu girma kusan ɗaya suna biyan kuɗi mabambanta a kan kaya iri ɗaya, wata ma kusan ninki biyu na wata. Ke nan sirrin bai tsaya ga taimakon marar ƙarfi ba. Wanda ya iya ciniki ya samu sauƙi, wanda bai san abin da maƙwabcinsa ya biya ba ya kwana a ciki.

Sai sharaɗin da ya fi kowane nauyi, wato abin da zai rage bayan an daina biya. A cinikin dunƙule, yawancin mujallun da ke cikin tarin ba su da haƙƙin ci gaba da karantawa. Jami'a na iya biya shekara goma, ta gaza a ta sha ɗaya, ta wayi gari babu komai a hannunta sai rasit. Wannan shi ke sa ficewa ta yi wuya, kuma kamfani ya san da haka lokacin da ake zaman ciniki.

A duba yadda sharaɗin masu izini ke aiki a kan mutum guda. Ga likita da ta gama karatu a wata jami'a, aka tura ta babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Da daddare aka kawo yaro da wata cuta da ba ta saba gani ba. Ta bincika a wayarta, ta ga ainihin maƙalar da take buƙata, ta karanta taƙaitaccen bayaninta, ta danna don ganin sauran. Shafin ya ce ta biya dala talatin da wani abu, ko ta shiga da sunan cibiyarta. Bara tana da wannan izini, bana ba ta da shi, alhali bana ne take riƙe da ran mutum a hannunta. Takardar ba ta yi laifi ba bisa ƙa'idarta, amma ta rufe ƙofa daidai lokacin da ilimin zai yi aikinsa.

Akwai kuma hukuncin gama-gari. Lokacin abin da ya faru a MIT, JSTOR ya toshe jami'ar baki ɗaya na kwanaki saboda aikin mutum ɗaya. Haka nan kyautar da ake yabo ba ta da tabbas. A farkon 2011 wasu kamfanoni sun janye mujallu kimanin 2,500 daga Hinari ga ƙasar Bangladash, sai da aka yi ta ƙorafi a mujallun likitanci kafin a sassauta. Abin da aka ba ka don alheri ana iya karɓewa ranar da mai bayarwa ya ga kasuwa ta buɗe.

Da wasu suka ce a'a

An daɗe ana ganin jami'a ba za ta rayu ba in babu waɗannan rumbuna. Jamus ta gwada. Jami'o'i da cibiyoyin bincikenta suka haɗu a ƙarƙashin shirin DEAL, suka ce murya ɗaya za su yi ciniki da ita. A ƙarshen 2016 cibiyoyi fiye da 60 suka ƙi sabunta yarjejeniyarsu da Elsevier, daga baya adadin ya doshi 200. A Yulin 2018 kamfanin ya yanke musu sababbin maƙalu. Bincike bai tsaya ba. Malamai suka koma neman maƙala wajen marubutanta, da rumbunan kyauta, da aro tsakanin ɗakunan karatu. Wiley ya daidaita da su a 2019, Springer Nature a 2020, Elsevier kuma sai a Satumban 2023. Jami'ar Kalifoniya, mai rassa goma, ta yi irin haka a Fabrairun 2019, lokacin tana biyan Elsevier fiye da dala miliyan 10 a shekara, ba ta koma ba sai a Maris 2021 bisa sababbin sharuɗɗa.

Wannan ya tabbatar da cewa sharuɗɗan ba wahayi ba ne, ana iya sauya su. Amma adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Sababbin yarjejeniyoyin sun mayar da kuɗin daga karatu zuwa bugawa. Jamus ta amince ta biya Wiley da Springer Nature yuro 2,750 kan kowace maƙala da malamanta suka buga, domin kowa a duniya ya karanta ta kyauta. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a 2021 ga mai son a buɗe maƙalarsa. Mai karatu a Kano ko Yamai ya ci riba, domin maƙalun Jamusawa sun buɗe masa. Amma marubuci a Kano ko Yamai ya gamu da sabuwar katanga, sai fa in ya dace da rangwame. Indiya ta bi wata hanyar daban. Daga Janairun 2025 gwamnatinta ta ɗauki nauyin yarjejeniya guda ta shekara uku da kamfanoni 30, wadda ta buɗe mujallu kusan 13,000 ga cibiyoyin gwamnati fiye da 6,000. Ko wannan ma, a ƙarshe, haya ce.

Inda gaskiyar kowa ta tsaya

A nawa ganin, mawallafa suna da gaskiya a wuri biyu. Dole a fayyace wanda aka biya dominsa, kuma dole laburare ya tsare amanar da ya sa wa hannu. A nan mu ma akwai gyara a wajenmu. Kalmar sirrin da aka bai wa jami'a sai ka gan ta tana yawo a zaurukan WhatsApp, ko an rubuta ta a takarda an manna a bango. Ranar da kamfani ya ga ana shiga da ita daga garuruwa goma a lokaci guda ya toshe, ɗalibin da ke tsakiyar rubuta kundinsa ne zai sha wahala. Wanda bai cika nasa alkawari ba, bakinsa ba ya ƙarfi a wajen ciniki.

Amma a sauran wuraren, hujjar ɗakunan karatu ta fi nauyi. Tsoron sata dalili ne na sa kalmar sirri. Bai zama dalilin ɓoye farashin da aka biya da kuɗin jama'a ba, bai kuma zama dalilin ƙwace abin da aka riga aka biya kuɗinsa ba. Tsadar aiki dalili ne na karɓar kuɗi, amma ba ta halatta a rubuta wa laburare sharaɗin da ya tauye haƙƙin da dokar ƙasa ta ba shi ba. A wannan gaɓar Najeriya tana da makami da ba kowa ya lura da shi ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta bai wa ɗakunan karatu da masu bincike wasu damammaki, ta kuma tanadi cewa sharaɗin yarjejeniya da ya nemi hana abin da dokar ta halatta ba shi da inganci. Sai dai wannan kariya na iya raunana idan jami'a ta yarda a rubuta cewa dokar wata ƙasa da kotunta ne za su yi hukunci.

Ga kuma batun kuɗin waje, wanda jami'o'in Turai ba su cika damuwa da shi ba. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Yarjejeniyar dala 100,000 da a da take naira miliyan 46 ta koma miliyan 150 ba a ƙara ko mujalla ɗaya ba. Jami'ar da ta ɗaure kanta shekara uku babu ƙofar fita, bashi ta ɗauka wanda ba ta san adadinsa ba.

Hukunci da kira

Lasisi ba abin gudu ba ne, kuma jami'ar da ta yanke kanta daga binciken duniya ta cuci ɗalibanta. Abin da ba za a lamunta ba shi ne karɓar takardar kamfani a sa hannu kamar yadda ta zo. Akwai samfuran yarjejeniya da ɗakunan karatu suka tsara da kansu, kamar na shirin Liblicense da ya faro a Jami'ar Yale a shekarun 1990, kuma kowa na iya ɗauka ya ajiye a teburin ciniki.

Abubuwa biyar ne bai kamata a sarayar ba. Abin da aka biya kuɗinsa ya ci gaba da buɗuwa har abada, tare da ajiyarsa a amintacciyar taska irin Portico ko CLOCKSS. Duk wanda ya shigo laburare da ƙafarsa ya karanta, ɗalibi kuma ya iya shiga daga gida, a kuma nemi a sa asibitocin koyarwa da tsofaffin ɗalibai a ciki. A bar ɗakunan karatu su yi wa juna aron maƙala ta intanet. Kada a ɓoye farashi. Sannan a rubuta damar ficewa idan kasafi ya gaza ko darajar kuɗi ta faɗi, kuma laifin mutum ɗaya a toshe shi kaɗai bayan an sanar da laburare.

Babu jami'ar da za ta samu waɗannan ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma darasin Jamus da Indiya ke nan. Don haka kira yana kan asusun TETFund da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da shugabannin ɗakunan karatu da su yi ciniki da murya ɗaya, su bayyana wa jama'a abin da aka biya da yawan amfanin da aka yi da shi, su kuma ware wani kaso don ƙarfafa mujallunmu na gida da ke rumbun AJOL, wanda tun 1998 yake tattara binciken Afirka. Shugabannin jami'o'i kuwa, kada su sa hannu sai shugaban laburare da lauyan jami'a sun karanta takardar layi-layi. Kai kuma malami ko ɗalibi, ka tsare kalmar sirrin da aka ba ka, ka ajiye kwafin bincikenka a rumbun jami'arka gwargwadon yadda aka yarda, sannan ka je laburare ka tambayi abin da aka sa wa hannu da sunanka. Kuɗin jama'a ne aka biya, kana da haƙƙin sani.